Shirin Ganawar Neman Aikin Nazarin Kasuwanci a Ƙasar Funtua da Malumfashi



Mai nazarin harkokin kasuwanci shi ne ma'aikacin da kamfani ko banki ko hukuma ke ɗauka domin ya binciki yadda a ke gudanar da aiki, ya gano inda dukiya ke zurarewa, sa'an nan ya ba shugabanni shawarar da za su yi aiki da ita. Saboda haka idan aka kira mutum ganawa, watau intabiyu, takardun shaidarsa sun riga sun yi nasu aikin, don su suka kawo shi bakin ƙofa. Abin da 'yan kwamiti su ke so su gani shi ne ko zai iya mai da alƙaluma su zama shawara. A ƙasar noma irin ta kudancin Jihar Katsina kuwa, wannan ba ya samuwa sai ga wanda ya san ƙasar da kasuwanninta.

Matakin farko shi ne sanin tarihin sana'ar. Auduga ce ta fara ɗaukaka Funtua da Malumfashi tun zamanin Turawa, lokacin da kamfanin BCGA ya kafa injunan gurza, hanyar jirgin ƙasa kuma ta taso daga Zariya ta ratsa Funtua da Gusau, ta isa Ƙauran Namoda a 1929. A 1975 aka soma Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtua da rancen Bankin Duniya, tare da na Gusau da na Gombe. Shirin ya kawo takin zamani da ingantaccen iri da hanyoyin karkara, masara kuma ta tashi daga amfanin bayan gida ta zama hajar kasuwa. A 1986 gwamnati ta rushe hukumomin ciniki, har da ta auduga, farashi ya koma hannun kasuwa. A 2024 aka buɗe tashar tsandauri ta Funtua domin shige da ficen kaya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya sauya mai saye da mai sayarwa da mai yanka farashi. Wanda ya fahimci haka, in aka tambaye shi dalilin da ya sa injin gurza ke rasa auduga, zai duba abin da manomi ke samu a kadadar masara ko waken soya, ya gwada da abin da ya ke samu a fulotin auduga.

Mataki na biyu shi ne lissafi, kuma a nan ne a kan tantance gwani. Sau da yawa kwamiti kan kawo matsala ya ce a warware ta nan take. Ga misali, da alƙaluman da aka ƙaddara don koyarwa kawai. A ce kamfani zai sayi buhun masara a kasuwar Dandume a kan Naira 40,000 cikin Disamba, ya ajiye, ya sayar a kan 52,000 cikin Yuni. Mai gaggawa zai ce an ci ribar 12,000, watau kashi 30 cikin ɗari. Mai nazari kuwa sai ya tambayi asalin jarin. In rancen banki ne mai ruwan kashi 30 a shekara, wata shida sun ci 6,000. Kuɗin buhu da dako da mota da la'ada da hayar sito da maganin ƙwari, a ce 3,000. In kuma bushewa da ɓarnar ƙwari suka rage kashi 5 na nauyin, an yi hasarar 2,600. Abin da ya saura a kowane buhu Naira 400 ne kacal.

Ko wannan ɗin ma ba tabbas ba ne, gama hatsi ba kullum ya ke tashi da bazara ba. A Yulin 2024 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar ɗage harajin shigo da masara da wasu kayan abinci na kwana 150, a 2025 kuma farashin hatsi ya faɗi, masu ajiya da dama suka tafka hasara. Don haka kyakkyawar amsa ita ce wadda ta nuna farashin da in an sauka ƙasa da shi uwar kuɗi za ta taɓu, ta kuma ambaci haɗarin da ke tattare da cinikin, har da matsalar tsaro da ta hana noma a sassan Faskari da Sabuwa a wasu shekaru.

Mataki na uku shi ne tuhumar alƙaluma kafin a amince da su. Buhu suna ne, ba ma'auni ba ne. Na wata kasuwa ya fi na wata cika, tiyar wani gari ta fi ta wani girma, masarar sabuwar kaka kuma ta fi ta bazara danshi. Kwamfuta za ta tara duk abin da aka zuba mata ba tare da musu ba. Lalle ne mai neman aikin ya iya manhajar Excel da zana jadawali, amma abin da zai burge kwamiti shi ne ya tambaya: wa ya tattara wannan lissafi, a wace kasuwa, a wane wata, da wane ma'auni? Ɗalibin da ya yi yini biyu a kasuwar Funtua ko ta Bakori yana sauraron dillalai da direbobi da masu sito ya yi shirin da babu littafin da zai ba shi.

Saura ladabin zama gaban kwamiti. A iso da wuri, da tufafi masu tsabta da takardu a jere. A saurari tambaya har ƙarshenta. A fara da amsa a taƙaice, dalilai su biyo baya. In an tambayi abin da mutum bai sani ba, ya faɗi haka, ya kuma bayyana hanyar da zai bi ya gano, domin wanda ya ƙaga adadi a ganawa zai ƙaga shi a rahoto. Ma'aikacin gwamnati da ke neman komawa kamfani kada ya raina abin da ya koya a ofis. Wanda ya taɓa tsara rabon taki ko rajistar manoma yana da labarin aiki na gaske, sai dai ya faɗe shi da adadi: mutum nawa, kuɗi nawa, me ya gyaru.

Hausawa sun ce, tun ran gini tun ran zane. Shawarar mai nazari ita za ta sa a buɗe wurin saye a ƙauye ko a rufe shi, a ba ƙungiyar manoma rance ko a hana ta. Kuskurensa a kan takarda ya kan koma hasara a rumbun wani. Wannan nauyi ne 'yan kwamiti ke neman mai ɗauka, kuma a kansa ya kamata a gina dukan shiri.