Damana a rani ake shirya ta

Jawabin da aka yi a taron ƙungiyar ƴan gari bayan kaka

Maigari, liman, dattawanmu, iyayenmu mata, da ku ƴan uwa da kuka zo daga Yamai, Damagaram, Legas da Abijan, ina gaishe ku, ina yi muku barka da zuwa. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Maganata a kan gona take. Iyayenmu sun ce watan bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa da alama. Yanzu alama takan zo, ruwa ya sauka sau ɗaya, mu ruga mu yi shibka, sa'annan sama ta ɗauke kwana goma sha biyar ko ashirin, tsiro ya ƙone. Wata shekara kuma ruwan wata guda ya zuba a dare ɗaya. Dattawa sun ga farin 1973 da na 1984, mu duka mun ga yunwar 2005. A 2024 kuwa ruwa ne ya yi ɓarna: ya rushe gidaje a Maraɗi, ya kayar da tsohon masallacin Birni a Damagaram. Ruwa na Allah ne, ba mu da iko a kansa. Amma shirin tarbonsa a hannunmu yake, kuma a rani ake yin sa, daidai lokacin da ƙarfafanmu suke wajen biɗa. Ga abu uku da nake roƙon mu tsayar yau.

Na ɗaya, sassabe. Kada a tumɓuke kututture, kada a sa masa wuta. In gawo ko kalgo ko sabara ko magarya ta yi toho, a zaɓi reshe biyu zuwa biyar masu ƙarfi a bari, a sare sauran. Wannan dabara a jihar Maraɗi ta kafu tun wajen 1984, kuma masu bincike sun ƙiyasta ta mayar da itatuwa kamar miliyan 200 a gonakin ƙasarmu. Itace yana karya iskar da ke binne tsiro da rairayi. Gawo kuwa da damana yake kaɗe ganyensa, shi ya sa hatsin gindinsa ya fi na fili kyau. A 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta amince manomi yana da haƙƙi a kan itacen da ya raya a gonarsa.

Na biyu, tassa. Ƙasar da ta zama faƙo, wadda ruwa ke gudu a kanta, ba a yar da ita. Manoman Illela sun je Yatenga ta Burkina a 1989, suka gano yadda ake yi, suka dawo suka raya faƙonsu. Rami ne mai faɗin santimita 20 zuwa 30, zurfinsa kamar 15. Ƙasar da aka tono a tara ta ta wajen gangare, a zuba takin gida cikin hannu ɗaya ko biyu. Gara za ta shiga ta huda ƙasa, ruwa ya zauna, tsiro ya jure ɗaukewar ruwa. Aikin da nauyi, kuma tilas a gama shi kafin watan Mayu. Tsoho shi kaɗai ba zai iya ba, sai da gayya.

Na uku, iri. Kada a zuba iri duka a ruwan fari, kada kuma a yi binne da shi duka. A jira ruwa ya kai milimita 20, wato in an tona da hannu a tarar laima ta shiga ɗani guda. Cikin tiya uku a ɓoye ɗaya saboda maimai. A haɗa irin gida da mai saurin nuna, kamar HKP na ma'aikatar binciken noma ta INRAN, wanda ba ya wuce wata uku, a sa wake a tsakani. Mai ɗan hali ya sayi takin zamani 15-15-15, ya zuba cikin marfin kwalbar lemo a kowane rami, ya fi a watsa shi ko'ina.

To, ƴan uwa matafiya, ga naku. Kuɗin da kuka aiko a Agusta hatsi yake saye, lokacin da ya fi tsada. Wanda kuka aiko a Maris ko Afrilu iri da taki da abincin gayya yake saye, ya cika rumbu. Saboda haka ina ba da shawara kowa ya zuba nasa a asusun ƙungiya kafin ƙarshen Maris, a sayi iri tun bai yi wuya ba. Wanda zai dawo noma ya iso a Mayu, wanda ba zai samu zuwa ba ya biya wanda zai tsaya masa. Dattawa kuma ku taimake mu da tsawatarwa a kan masu saran itace a gonar da mai ita ba ya nan.

Da safe ake kama fara. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya kai matafiya lafiya, ya dawo mana da su lafiya.