Gashi ta Waya: Ciwon Wuya Tsakanin Asibiti da Tsakar Gida

 

Zan fara da sunan da kuka raɗa mana. Mu da muka karanci fisiyo, a ƙasar Hausa likitocin gashi ake ce da mu, sashenmu kuma sashen gashi. Har wata tsohuwa ta taɓa tare ni a bakin ƙofa tana neman maganin zubewar gashin jikarta, da ƙyar na fahimtar da ita cewa namu gashin irin na tsire ne. Sunan ya nuna abin da jama'a ke tsammani a wurinmu: ka zo, ka kwanta, a haska maka jar fitila a wuya, a ɗora tawul mai zafi, a manna maka na'urar nan mai tsikarar fata, a ɗan yi maka tausa, ka tashi ka tafi. Shi ya sa ranar da na fara ce wa wani dattijo za mu ci gaba da ganawa ta bidiyo, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Likita, ta waya za ka gasa ni?"

Tambayarsa ce jigon laccar yau. Idan gashi ne maganin daɗaɗɗen ciwon wuya, to magana ta ƙare, waya ba ta da zafin da za ta gasa kowa. Idan kuwa maganin wani abu ne daban, sai mu zauna mu duba wane ɓangare nasa ne ke buƙatar hannun likita, wane ne kuma ba ya buƙata.

Ƙasusuwa 7 ne a wuyan ɗan Adam, suna ɗauke da kai mai nauyin kusan kilo 5, tun daga asuba har a kwanta. Ciwon da ya wuce wata 3 bai tafi ba shi muke kira daɗaɗɗe. Ƙididdigar cututtuka ta duniya ta nuna cewa a 2020 mutum kimanin miliyan 203 ne ke fama da ciwon wuya. Waɗanda nake gani a ɗakin duba marasa lafiya kun san su: teloli, masu ɗinkin hula, ma'aikatan banki, direbobin dogon zango, 'yan dako, mata masu ɗauko ruwa da itace a ka, da ɗalibai lokacin jarrabawa. Yawancinsu sai sun gama zagaye kafin su iso gare mu. An sha diclofenac daga kemis har ciki ya fara ƙuna, an je wa wanzami ya yi ƙaho, an sauya matashin kai sau uku.

Akwai tsoro biyu da nake so in rage muku. Na farko, wani adadi da ke yawo a Facebook, wai idan ka sunkuyar da kai kana kallon waya wuyanka na ɗaukar kilo 27. Adadin ya fito ne daga lissafin da wani likitan fiɗa na Amurka, Kenneth Hansraj, ya wallafa a 2014, kuma lissafin kwamfuta ne, ba a bi mutane an ga wa ya kamu da ciwo ba. Kakanninmu sun shekara aru-aru a sunkuye kan allo da fartanya. Abin da ke gajiyar da wuya shi ne daɗewa a yanayi guda ba motsi. Na biyu, hoto. Mutum ya zo riƙe da takardar hoton ƙashi jikinsa na rawa, an ce masa ƙashinsa ya zaizaye. A Japan, a wani bincike da aka wallafa a 2015, an ɗauki hoton wuyan mutum 1,211 da ba sa jin ciwon komai, aka tarar kusan 88 cikin 100 suna da bulli a faifan da ke tsakanin ƙasusuwan. Furfura ce ta ciki, ba kowace ke ciwo ba.

To me ke magani? A 2003 Jari Ylinen da abokan aikinsa a Finlan suka wallafa gwajin da suka yi da mata 180 ma'aikatan ofis masu daɗaɗɗen ciwon wuya. Aka kasa su uku. Kashi ɗaya aka koya musu atisayen ƙarfafa wuya da roba mai talewa, kashi na biyu atisayen juriya, na uku aka ba su shawara da miƙe jiki kawai. Bayan shekara guda, kashi biyun farko sun yi wa na uku fintinkau wajen raguwar ciwo. A Denmak kuma, Lars Andersen ya nuna a 2011 cewa minti 2 kacal na jan roba a rana, kwana 5 a mako, har mako 10, ya rage wa ma'aikata ciwon wuya da kafaɗa. Minti biyu, jama'a. Bai kai lokacin da shayi ke ɗauka ya huce ba.

Ku lura da yadda aka tsara gwajin Finlan ɗin, don a nan maganata take. Kwana 12 matan suka yi a cibiya ana koya musu ido da ido. Sauran shekarar kusan duka a gidajensu suka yi atisayen. Wato tun kafin kowa ya riƙe waya mai kyamara, mafi yawan maganin a ɗakin majiyyaci ake yin sa. Ko a yau, wanda ke zuwa wurina sau biyu a mako awa ɗaya ko biyu yake yi a gabana, cikin awa 168 da ke mako. Fitilar da tausar suna da daɗi, suna kuma sassauta ciwo na ɗan lokaci, ban raina su ba. Amma tsoka ba ta ƙarfi don an gasa ta.

Da aka zo gwada ganawa ta bidiyo kai tsaye, gwaji mafi ƙarfi da na sani a Ostareliya aka yi shi, Rana Hinman da tawagarta ta Jami'ar Melbourne suka wallafa shi a mujallar Lancet a 2024. Mutum 394 masu ciwon gwiwa, rabi ta bidiyo, rabi ido da ido, sakamakon bidiyo bai gaza na asibiti ba. A nan gida ma an taɓa. Adesola Odole ta Jami'ar Ibadan ta gwada bibiyar masu ciwon gwiwa ta kiran waya tun 2013, Chidozie Mbada kuma ya gwada manhajar waya ga masu ciwon baya a 2019, duka biyun suka ga sauƙin da aka samu ya yi kusa da na asibiti. A kan wuya kansa akwai ƙananan gwaje-gwaje, musamman daga Turkiyya, masu nuna hakan, sai dai mutanen cikinsu 'yan kaɗan ne kuma makonni kawai aka bi su. Gwiwa ba wuya ba ce, ni ma na sani. Amma hujjojin duk gefe guda suka karkata.

Sai dai akwai abin da masu murnar waɗannan sakamako ke tsallakewa. Duk wanda ya shiga irin wannan gwaji an riga an tace shi, an fitar da masu cututtuka masu haɗari. Wa zai yi mana wannan tacewar a nan? Mu muna cikin yankin sanƙarau, daga Sanagal har Habasha, kuma waɗanda suka ga annobar 1996 ba sa buƙatar in tuna musu me sandarewar wuya da zazzaɓi ke nufi a watannin zafi. Muna da tarin fuka da ke cin ƙashin baya, mutum na ramewa yana gumin dare. Muna da haɗarin babur kullum. Akwai kuma matsewar laka a cikin wuya, wadda ke zuwa a hankali kamar ɓarawo.

Wani magidanci, malamin makaranta, ya turo mini saƙon murya ta hannun ɗan'uwansa, yana neman in aiko masa da bidiyon atisaye don garinsu da nisa. Muryarsa garau, ƙorafinsa wuya kawai. Na dage sai ya zo. Da ya shigo na ga yana taka ƙasa kamar mai tafiya kan katifa. Na ce ya ɓalle maɓallin rigarsa, sai yatsun suka yi ta lalube, ya yi dariyar kunya ya ce kwana biyun nan alli ma faɗuwa yake daga hannunsa. Na buga masa 'yar gudumar roba a gwiwa, ƙafar ta yi tsalle fiye da ƙima. A ranar na tura shi wurin likitocin fiɗar laka. Da na biye masa na tura bidiyon, da na ɗora shi kan atisaye alhali lakarsa na matse. Gudumar nan ba ta bi ta intanet.

Abu na biyu da hannu ya fi waya a kansa shi ne koyarwar farko. Akwai ƙananan tsokoki a can ciki, manne da ƙashin wuya ta gaba, waɗanda Gwendolen Jull ta Jami'ar Queensland ta shafe shekaru tana nazari, ta nuna suna yin sanyi ga masu ciwon wuya, sai manyan tsokokin waje su karɓe aikin. Atisayen farfaɗo da su ƙarami ne ƙwarai. Ka kwanta rigingine a tabarma, ka gyaɗa kai a hankali kamar yaron da ake yi wa faɗa yana amsawa, ƙeya ba ta barin ƙasa, ka riƙe daƙiƙa 10. A asibiti mukan sa 'yar jakar iska a ƙarƙashin wuya, a hura ta zuwa 20, majiyyaci ya riƙa hawa da bibbiyu har 30 yana kallon allurar ma'aunin jakar. Yatsuna biyu kuma suna gefen wuyansa, kan doguwar tsokar nan da ta taso daga bayan kunne zuwa ƙashin ƙirji. Da zarar ta yi tauri na san ya fara satar hanya. Kusan kowa da satar hanya yake farawa, yana ganin daidai yake yi. Sai na ɗauki yatsunsa na ɗora a wurin, ya ji da kansa. Daga ranar da ya iya jin wannan taurin, ya zama mai sa wa kansa ido, ni kuma sai in iya duba shi daga nesa.

Ita ma waya tana da abin da take nuna mini wanda asibiti ba ya nunawa. Wata baiwar Allah mai ɗinki ta yi mako shida tana zuwa, sauƙi kaɗan-kaɗan, sai ciwon ya dawo. Kuɗin mota ya gagare ta, kun dai san yadda sufuri ya koma tun cire tallafin mai a 2023, muka koma bidiyo. 'Yarta ta jingina wayar da fulas ɗin shayi, sai ga ɗakin gaba ɗaya a idona: keken ɗinki a lungu mafi duhu, ita kuma a kan doguwar kujera, ta tanƙware hancinta kusan kan allura. Muka jawo keken bakin taga, aka sauya kujerar, na roƙe ta ta je a auna idonta, muka ɗaure robar atisayen a jikin ƙarfen tagar inda ba za ta manta ba. Mako shida ina duba wuyanta, ban taɓa ganin inda ciwon ke kwana ba.

Matsalolinmu kuwa ba irin na Melbourne ba ne. Sabis ya ɗauke ana tsakiyar magana, hoto ya daskare mutum na rabin juya kai. Kuɗin data ya ƙaru a 2025. Wayar sau da yawa ta maigida ce, tana kasuwa har dare. Sannan hijabi: wuya muke son gani, mace kuma ba za ta yaye wuyanta a gaban kyamara ga namijin da ba muharraminta ba, kuma tana da gaskiya, don ba ta san inda hoton zai ƙare ba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hau kanmu a nan. Maganin wannan a bayyane yake, mace ta duba mace, kada a naɗi komai sai da izini. Idan aka yi haka, matar da fita ke yi mata wuya ita ce za ta fi kowa cin moriyar tsarin.

Hukuncina ke nan. Zuwan farko a yi shi ido da ido, a bincika, a koyar. In da hali a ƙara na biyu bayan mako guda don a gyara kuskure. Daga nan a koma waya, bidiyo ga mai hali, kira ko saƙon murya da Hausa ga wanda ba shi da shi, a rana da lokacin da aka tsayar. Wanda ya ji hannu ya fara mutuwa, ko tafiya ta sauya, ko zazzaɓi, ko jiri, ya ajiye wayar ya taho. Masu kallon bidiyon TikTok suna sa a murɗe musu wuya ya yi ƙara, don Allah ku bari. Kafin ka miƙa wuyanka ga wani, a fili ko a waya, tambaye shi ko yana da rajista da hukumar da ke ba masu aikinmu lasisi, wadda aka kafa tun 1988.

Roƙona na ƙarshe ga shugabannin asibitoci da na sassan gashi da ke zaune a nan. Yanzu haka abokan aikina na yin wannan aiki ta WhatsApp da daddare, da datarsu, kyauta, ba a rubuta shi a fayil ɗin kowa. Ku ware masa yini guda a mako, da waya ta sashe, da ma'aikaciya mace, da ɗan kuɗin kati da bai kai kuɗin mota ba, a kuma riƙa rubuta sakamakon kowane majiyyaci.