Taura Biyu Ba Ta Taunuwa



Ɗan'uwana, ka dubi yaron da a ka kai wurin maɗinki. Da fari ba a ba shi riga. Kalmasa ya ke yi, maigida ya warware, ya sake yi. Sai ya daɗe kāna a yarda ya yi aska takwas. Amma wanda ya yi wata 3 wurin maɗinki, ya koma wurin baduku, ya bar shi ya bi 'yan shanu, zai yi furfura ba sana'a a hannunsa.

Ko hanyar jirgin ƙasa da sannu ta zo. A 1964 a ka fara ta daga Yawunde, a 1969 ta kai Belabo, sai a 1974 ta iso Ngawundere. Shekara 10, ƙarfe bayan ƙarfe.

Haka kuma sanin Allah ya ke. Cikin Linjila ta hannun Luka, sura 10, Isa Almasihu ya sauka gidan waɗansu mata biyu 'yan'uwan juna. Marta tana ta kai da kawowa wajen hidima, har ranta ya ɓaci. Maryamu kuwa ta zauna gabansa tana jin maganarsa. Ubangiji ya yaba wa Maryamu, gama ta zaɓi abu guda wanda ba mai ƙwace mata.

Kai fa? Ka san kuɗin goro da na kanwa, ka san mai bashinka duka. Me ka koya domin ranka? Ran da a ka ɗauke ka zuwa kushewa, rumfarka wani zai zauna ciki.

Ga shawara. An buga Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, da Fillanci kuma a 1983. Luka sura 24 ce. Ka karanta sura guda kowace safiya kafin ka buɗe rumfa. Wata ba zai cika ba sai ka sauke. In ba ka iya karatu ba, ɗanka ya karanta maka. Sa'an nan ka koma farko, ka aikata abin da ka ji: mudunka ya cika, bakinka ya bar rantsuwar ƙarya.

In ka kāsa yau, kada ka fid da zuciya. Almasihu ba ya korar almajiri domin jinkirin ganewa. Domin masu kāsawa ya ba da ransa, ya kuma tashi.

Allah ya ba mu zuciya guda. Amin.