Mai da Ruwa: Daga Gorar Nono Zuwa Turmin Ƙuli



Ku ɗora lita guda ta ruwa a sikeli, kilo 1 za ta yi. Ta man gyaɗa wajen giram 910 ce, ta fetur kuwa kusan giram 740. Shi ya sa duk wanda ya sayi bumburutu a hanyar Batsari, idan ya zuba a kwalba ya bari ya kwanta, ruwan da ke ciki a gindi zai same shi. Sai dai nauyi wanda zai hau sama kawai yake zaɓa, ba shi ke hana su gauraya ba. Ƙwayoyin ruwa ne ke riƙe juna kam, saboda kowace tana da gefe biyu masu cajin lantarki mabambanta. Ƙwayar mai ba ta da wannan, don haka ba ta samun gurbi a tsakaninsu.

To, ina man da ke cikin madara yake ɓuya? Yana nan, ɗigo-ɗigo ƙanana da ido ba ya gani, kowane an naɗe shi da 'yar fata siririya mai hana shi manne wa ɗan'uwansa. A 1851 wani masani a Ingila, George Stokes, ya fitar da lissafin da ke nuna cewa ɗigon da ya ninka wani faɗi sau 2, saurin tasowarsa sau 4 ne. Aikin duka ke nan: a sa ƙanana su zama manya.

Wannan shi ne abin da Bafulatana ke yi a rugagen gefen Dajin Rugu idan ta rungumi gora tana kaɗawa. Bugun yana fasa fatar nan, mai ya sami mai, ya dunƙule, tsala ta rage. Da sanyin safiya take yi, ta ɗan ƙara ruwan sanyi, domin man shanu da ya ji zafi narkewa yake, ba ya kamuwa. Shi kuwa injin raba mai da madara da Gustaf de Laval ya ƙera a Suwidin a 1878 juya madara yake da gudu, abin da ya fi nauyi ya fice gefe, maiƙo ya taru a tsakiya.

Mai yin ƙuli a Safana ta fi ba ni mamaki. Don ta fitar da mai daga markaɗaɗɗiyar gyaɗa, ruwan zafi take yayyafawa tana juyawa! Garin gyaɗar ya fi son ruwa, sai ya sha, ya cure ya zama tunkuza, ya saki man. In ta zarce da ruwan, komai ya dame, man ya ƙi fita. Hannunta ne ma'auninta.

Raina yana ɓaci idan na tuna rugage da ƙauyukan da rashin tsaro ya watse a ƙasar nan, don da masu wannan sani aka tashi. Ku ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ga roƙona: ku ɗauki sikeli da ma'aunin zafi, ku zauna kusa da turmin iyayenmu, ku rubuta yawan ruwan da suke zubawa a kowace tiya ta gyaɗa.