Ƙafa ce ke yin hanya: magana kan dandali, burtali da bakin rijiya

Jawabin da mushen lakwal ɗin garinmu ya yi a taron ƙungiya na bayan kaka

Mai gari, Allah ya ja zamaninka. Liman, Allah ya gafarta malam. Dattawa, iyayenmu mata, shugabannin ƙungiya, da ku ƴan'uwa da kuka komo daga biɗa, na Yamai da na Agadas, na Legas da na Abijan, ina gaishe ku baki ɗaya. Barkanku da zuwa, barkanmu da ganin kaka.

Biro na ƙungiya ya ce in yi magana kan filayen gari, don saɓani ya fara yawa a kansu. Ni yaro ne a gabanku, abin da na karanta a takarda ku kun gan shi da ido. To amma tunda an ba ni magana, zan ɗauko ta daga wata tambaya da masana ilmin ƙasa da masu falsafa suka daɗe suna juyawa: mi ke mai da fili ya zama wuri?

Ku dubi kasuwarmu. Kwana shida a mako rumfuna ne kawai tsaye, awaki na kwance a inuwa, iska na kaɗa leda. Ranar ta bakwai sai ga mahauta a gefensu, ƴan hatsi a nasu, dillalan bisashe can baya, mata masu fura bakin hanya. Babu wanda ya zana wa kowa iyaka da alli, amma baƙo bai isa ya shimfiɗa kayansa inda mai goro ya saba zama ba. Ƙasar ita ce dai ta jiya. Zuwan mutane, mako bayan mako, shi ya mai da ita kasuwa. Da za a bar ci shekara uku, sai wani ya shuka wake a wurin.

Wani masanin falsafa na Faransa mai suna Henri Lefebvre ya rubuta littafi a 1974 kan wannan batu, sunansa La production de l'espace, wato yadda ake ƙera wuri. Abin da ya nuna shi ne jama'a ke ƙera wurin zamansu kamar yadda maƙeri ke ƙera hauya, daga baya kuma wurin ya komo yana juya su. Ya raba abin kashi uku. In na faɗe shi da bakinmu, akwai wurin ƙafa, wanda zirga-zirgar yau da kullum ke yi: hanyar rijiya, hanyar gona, hanyar masallaci. Akwai wurin takarda, wanda ma'auna da hukuma ke zanawa a biro da layi da lamba. Akwai wurin zuciya, wanda mutane ke ɗauke da shi a rai: kukar da kakanni suka sauka gindinta, maƙabarta, kufai. Gari na zaune lafiya muddin waɗannan uku ba su yi nisa da juna ba. Ran da takarda ta ce abu, ƙafa ta ce wani, to a jira shari'a.

Kada ku ce wannan hikimar Nasara ce. Wani Bafaranshe mai bincike, Guy Nicolas, ya yi shekaru cikin Hausawan kwarin Maraɗi, ya fitar da babban littafinsa a 1975. Daga bakin tsofaffi irinku ya ji yadda mutanen da ke kafa gari, da kasuwa, har da gona, bisa kusurwa huɗu, gabas da yamma, kudu da arewa, da tsakiya inda ake yin kafin gari. Musulunci kuma ya ba gabas nauyi na daban: alƙiblar masallaci, filin idi, kwanciyar mamaci. Zaure ma haka. Ɗaki ne kamar kowane ɗaki, amma al'adar sallama da kunya ta sa ya zama iyaka: baƙo namiji ya tsaya nan, cikin gida na iyali. Kakanninmu ba su riƙe taswira ba, amma sun tsara gari.

Wanda ya san Damagaram ya san Birni da Zango. Birni na sarki da fadawa, cikin ganuwa. Zango na ayarin raƙuma da fatake, waje. Sana'a da sarauta suka raba garin biyu tun kafin Faransawa su iso a 1899. Maraɗi kuwa, tsohon gari a kwarin Gulbi yake, sai ambaliyar 1945 ta ci shi, aka hau da mutane bisa tudu, aka yanka masu tituna miƙaƙƙu kamar layin littafin ɗan lakwal. Wannan aikin takarda ne. Amma ku shiga unguwannin yau ku gani: an kafa rumfa nan, an shimfiɗa tabarmin salla can, samari sun kafa fada da butar shayi a kusurwa. Takarda ta yanka titi, mutane suka mai da shi unguwa.

Ku ƴan biɗa, kun fi kowa sanin wannan. Kun ga zangon Kumasi da Sabon Zango na Akra. Ƙasar ta wasu ce, harshen gari daban. Amma da Hausawa suka sauka, suka kafa masallaci, mai gida ya buɗe zaure ga baƙi, mai tuwo ta aza tukunya, sai wurin ya zama gida. Wanda ya sauka daga mota da dare bai bukatar a nuna masa allo, kunne da hanci su kai shi.

To mu komo gida. Ƙidayar 1977 ta sami mutum miliyan 5 da ƴan kai a Nijar. Ta 2012 ta sami sama da miliyan 17. Ƙasa kuwa ba ta haihuwa. Da can akwai karkara kusa da gari, mai shan taki, sannan gonakin nesa, sannan saura da ake bari ta huta, sannan daji. Yau saura ta kusa ƙarewa. Gandu ya tsattsage cikin gado, gamanar mace ita ce ta fari da ake karɓewa in gona ta yi kaɗan. Da matsi ya zo, ido sai ya koma kan wuraren da ba su da mai su guda: burtali, mashaya, bakin tabki, dandali. Abin kowa shi ne mai sauƙin ci, don babu wanda zai tashi da dare ya yi tsaronsa.

Kun san yadda burtali ke mutuwa. Ba rana ɗaya ba ne. Bana mai gona ya ƙara kunya ɗaya ciki, baɗi maƙwabcinsa na ɗaya gefen ya ce shi ma ba a bar shi baya ba. An tumɓuke gambar iyaka. Shekara goma, hanyar da garke ke bi a sake ta koma ta jaki ɗaya. Sai makiyayi ya taso daga arewa da kaka, ya biyo hanyar da ubansa ya nuna masa, ya tarar da hatsi. A zuciyarsa burtali na nan, a idon manomi gona ce. Kowa na ganin shi ke da gaskiya. Dattawa na tune da Toda, cikin ƙasar Gidan Rumji, a watan Oktoba na 1991, lokacin da ake Taron Ƙasa a Yamai: rikicin manoma da makiyaya ya ci rai fiye da 100, mafi yawansu mata da yara Fulani. Allah ya jiƙansu, Allah ya kiyashe mu da ganin irinsa.

Hukuma ta yi nata ƙoƙari. Tun 1961 doka ta ja iyakar noma ta arewa. Ranar 2 ga Maris 1993 aka sa hannu kan dokar karkara, Code rural, wadda ta amince da mallakar gona ta gado kamar yadda ta amince da ta takarda, ta kuma kawo kwamitocin filaye da muke kira Kofo, daga departama har ƙauye. A 2010 wata doka ta tabbatar da haƙƙin makiyayi na tafiya da dabbobinsa. Burtali da makiyaya ta gari ba abin sayarwa ba ne, ba na noma ba ne. Amma turken siminti da aka kafa bakin burtali ba ya magana. In ba garke ke bi ba, in ba mutanen gari ke kallo ba, turken ma sai a wayi gari yana ƙarƙashin rumbun wani.

Don kada ku ce mushe ya zo da labarin baƙin ciki kawai, ga na daɗi. Bayan yunwar 1973 da ta 1984, gonakin ƙasar Maraɗi sun zama fayau. Manomi na ganin itacen gona na gwamnati ne, mai jawo tarar ma'aikatan gandun daji, don haka yana sassabe yana ƙone kowane toho. Daga 1983 wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, tare da manoman yankin, suka fara abin da muke ce wa sassaben zamani: a bar toho kaɗan masu ƙarfi bisa kututture, a gyara su, a tsare su. Ƙauyuka irin su Ɗan Saga ta ƙasar Agye suka kafa ƴan tsaro na kansu. A Damagaram ta kudu kuma manoma suka riƙa barin gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana. Bayan shekara kamar 20, masu bincike suka ƙiyasta hekta miliyan 5 sun sake yin itace. Ba a kawo sabuwar ƙasa ba. Hannun da ke riƙe da adda ne ya sake hali, sai fuskar ƙasa ta sake. A 2020 gwamnati ta biyo baya da doka mai ba manomi ikon itacen da ya rena a gonarsa. Nan ƙafa ce ta yi gaba, takarda ta bi sawunta.

Yanzu ina roƙon ƴan biɗa su ba ni kunne, kuma su yi mini haƙuri. Kuɗinku ya rufa wa garin nan asiri. Shi ya sayi hatsi cikin shekarun wuya, shi ya sa kwano a masallaci, shi ya gyara aji biyu na lakwal. Allah ya saka. Amma kuɗin nan shi ke gina katangun siminti, kuma katanga ba ta san kunya ba. Dangar kara, in ta shiga hanya, maƙwabci ya yi magana, baɗi a ja ta baya. Bulo kuwa in ya zauna ya zauna. Akwai lungunan da amalanken shanu ke bi da, yanzu ko gawa sai an karkata makara. Akwai gidajen da aka gina babu zaure, ƙofar ƙarfe a kulle wata goma sha ɗaya, babu dakali a waje da tsoho zai zauna. Mai gidan bai yi nufin sharri ba, irin ginin da ya gani a birni ya kawo. Amma layi ɗaya na irin gidajen nan ya isa ya kashe hirar unguwa.

Dandali ma haka. Nan aka yi kokawa, nan ƴan mata suka yi gaɗa da farin wata, nan samariya ke taruwa kafin gayya. Da wasa ya ragu, sai wannan ya zuba yashi a gefe, wancan ya jibge bulo "na ɗan lokaci". Yaran ajina da yawa ba su san sunan wurin dandali ba, suna ce masa filin yashi. Ran da suna ya ɓace, saura mai saye.

Bakin rijiya kuwa majalisar iyayenmu mata ce. Nan ake jin wa ta haihu, wa ke ciwo, gidan wa babu hatsi. Famfo alheri ne, ya rage wahalar guga. Amma in za a kafa sabo, a tambayi mata inda za a sa shi, a bar masu inuwa da wurin aje tulu, don su ne za su taka wurin kullum.

Ga abin da nike kawowa gaban taro, ku auna:

1. Kafin ƴan biɗa su koma, a sa rana guda a zagaya gari da ƙafa: mai gari, liman, dattawa, arɗon Fulani, wakilan mata da samari. A bi burtali, mashaya, maƙabarta, filin idi da dandali. Tsofaffi su nuna iyakar da suka tarar, ƴan lakwal su rubuta sunan kowane wuri.

2. Abin da aka yarda da shi a kai wa Kofo ta ƙauye, a yi takarda, ƙungiya ta aje ɗaya, mai gari ya aje ɗaya.

3. A dasa gamba ko itace bisa iyakar burtali, a yi shi da gayya kamar da.

4. Duk mai son gina katanga, ya kira maƙwabta biyu da wakilin mai gari kafin ya haƙa tushe. A bar hanyar da amalanke zai wuce.

5. A share dandali, a mai da kokawar bayan kaka da taron ƙungiya can. Wurin da ake taruwa ba a iya sayar da shi a ɓoye.

Babu ɗaya cikin biyar ɗin nan da ke bukatar jika ɗari. Rana guda ce da haƙuri da juna. Kuma in aka sami wanda kunyarsa ko katangarsa ta shiga abin jama'a, a yi masa magana cikin zaure, ba tsakar kasuwa ba, don gyara muke nema.

Dattawa, ku ne taswirar garin nan. Abin da ke kanku babu shi a biro ko ɗaya, daga nan har Yamai. Muna roƙonku ku taka da mu tun ƙafa na ɗauka.

Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu manoma da makiyaya, Allah ya kai matafiya lafiya ya maido su lafiya, Allah ya maimaita mana.