Amanar Bayanan Jama'a a Hannun Kamfani



Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba yadda kamfani zai riƙe bayanan mutanen da yake hulɗa da su bisa ƙa'idojin da doka ta shimfiɗa. Abin da ake nufi da bayanin mutum shi ne duk wani abin da za a iya gane shi da shi, kamar sunansa da adireshinsa da lambar wayarsa da zanen yatsansa da lambarsa ta banki ko ta katin ɗan ƙasa, har da tarihin rashin lafiyarsa da bashin da ake bin sa. Batu ɗaya ne ya ratsa ƙa'idojin gaba ɗaya, wato bayanin da ya shiga fayil ɗin kamfani ajiya ce, kuma mai ajiya yana da ikon ya tambayi yadda aka yi da kayansa.

Wannan tunani tsoho ne a kasuwancin Hausa. Maigidan da yake saukar da fatake ya san hajar kowane baƙo da wanda yake bin sa bashi, kuma ranar da ya fara fesa wannan asiri a kasuwa, ranar baƙinsa za su nemi wani masauki. Abin da zamani ya canza shi ne yawa da sauri. Littafin bashi na da yana kulle cikin akwatin mutum ɗaya, amma a yau kwamfuta guda takan ɗauki sunayen miliyoyin mutane, a kwafe su cikin ɗan lokaci a aika da su ƙetare.

Asalin Ƙa'idojin

Jihar Hesse ta Jamus ta Yamma ce ta fara kafa dokar kare bayanai a 1970, ƙasar Suwidin ta biyo baya a 1973. Dokar Tarayyar Turai da ake kira GDPR ta fara aiki ran 25 ga Mayu 2018, kuma ƙasashe da dama sun yi koyi da ita. A Nijeriya, sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya tabbatar wa ɗan ƙasa sirrin gidansa da wasiƙunsa da hirarsa ta waya. Hukumar NITDA ta fito da ƙa'idojin kare bayanai a 2019, sa'an nan a watan Yuni na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda ta kafa hukuma ta musamman domin wannan aiki. Sashe na 24 na dokar ya jera ƙa'idojin. Hanya mafi sauƙi ta fahimtarsu ita ce a bi sawun bayani tun daga ranar da aka karɓe shi har ranar da aka rabu da shi.

Karɓar Bayani

Kafin akawu ya miƙa wa kowa fom, wajibi ne kamfani ya san hujjar da ya dogara a kanta. Doka ta yarda da hujjoji ƙididdigaggu, daga ciki akwai yardar mai bayanin, da cika yarjejeniyar da aka ƙulla da shi, da bin umarnin wata doka, da ceton rai. Idan yarda ce hujjar, to nauyin tabbatar da cewa an ba da ita yana wuyan kamfani, kuma shirun mutum ba a ɗaukarsa a matsayin amincewa. Idan kuwa yaro ne, sai an nemi izinin iyayensa ko mai riƙonsa. Har ila yau dole a gaya wa mutum, da harshen da zai gane, wa yake karɓar bayanin, don me, wa za a nuna wa, kuma har zuwa yaushe za a riƙe shi.

Sai ƙa'idar taƙaitawa, wato kada a tambayi abin da aiki bai buƙata ba. Alal misali, kamfanin sufuri da yake ɗaukar fasinja daga Kano zuwa Legas yana da dalilin rubuta sunansa da lambar wani ɗan'uwansa saboda hatsari. Ba shi da dalilin neman lambarsa ta banki ko addininsa. Kamfani mai lura yakan ɗauko fom ɗinsa ya bi shi layi-layi, duk gurbin da aka rasa mai faɗin amfaninsa a soke shi, domin abin da ba a karɓa ba ɓarawo ba ya sace shi.

Amfani da Bayani

A nan ne yawancin kamfanoni suke tuntuɓe. Ƙa'ida ita ce bayanin da aka karɓa don wata manufa ba a karkatar da shi zuwa wata wadda ba ta dace da ta farkon ba. A watan Agusta na 2021 hukumar NITDA ta ci kamfanin ba da rance na Soko Lending tarar naira miliyan 10. Manhajar kamfanin tana shiga jerin lambobin da ke cikin wayar mai cin bashi, idan ya kasa biya sai a aika wa mutanensa saƙo a kan bashin. A lura da cewa mutane iri biyu aka zalunta: wanda aka tona wa asiri, da kuma 'yan'uwa da abokan da aka kwashi lambobinsu alhali ba su taɓa hulɗa da kamfanin ba. Bin bashi halal ne, amma ba ya halatta kowace hanya.

Ma'aikacin kamfani ma yana ƙarƙashin wannan kariya. A 2020 hukumar kare bayanai ta birnin Hamburg ta ci kamfanin tufafi na H&M tarar yuro fiye da miliyan 35. A wani ofishinsa da ke Nuremberg, shugabanni sukan zauna su yi hira da ma'aikacin da ya dawo daga hutu ko jiyya, daga baya su rubuta abin da suka ji game da ciwonsa da matsalolin iyalinsa da aƙidarsa su adana. Asirin ya tonu a 2019 lokacin da kuskuren na'ura ya buɗe rubuce-rubucen ga sauran ma'aikata. Irin waɗannan bayanai na lafiya da addini da ƙabila da ra'ayin siyasa, dokar Nijeriya ta ware su ta tsaurara sharuɗɗan taɓa su, domin da su ake hana mutum aiki ko a jefa rayuwarsa cikin hatsari.

Gyara, Tsaro da Wa'adi

Bayani mara inganci yana cutarwa kamar wanda aka sace. Mutumin da ya biya bashinsa amma sunansa ya ci gaba da zama cikin jerin waɗanda ba su biya ba, zai iske ƙofofin bankuna a rufe ba da laifinsa ba. Saboda haka doka ta ba kowa ikon ya nemi ganin abin da aka rubuta a kansa, ya sa a gyara kuskure, ya janye yardarsa, ya kuma hana a dame shi da talla. Kamfani yana bukatar sanannen tebur da sanannen ma'aikaci da za a kai wa irin waɗannan buƙatu.

Game da tsaro, a 2018 ɓarayin intanet sun kutsa cikin na'urorin British Airways suka kai ga bayanan mutum fiye da 400,000, kamfanin bai ankara ba sai bayan wata biyu da ɗoriya. Hukumar Ingila ta ci shi tarar fam miliyan 20 a 2020, bisa dalilin cewa akwai matakan tsaro sanannu da ya yi sakaci da su. Amma tsaro bai tsaya ga na'ura ba. Kowa ya taɓa ganin ƙosai ko tsire a ƙunshe cikin takardar wani ofis, da sunan mutum da albashinsa a jiki. Kabad mai makulli, da kalmar sirri dabam ga kowane ma'aikaci, da toshe hanyar shiga ga wanda ya bar aiki, da ƙona tsofaffin takardu maimakon sayar da su, duk suna cikin bin doka.

Kowane bayani kuma yana da wa'adi. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta wajabta wa bankuna ajiye takardun abokan hulɗarsu na aƙalla shekara 5, don haka wannan riƙo yana da hujja. Amma takardun masu neman aikin da ba a ɗauka ba, babu dalilin da zai sa su shekara goma a sito.

Miƙawa ga Wani da Aukuwar Ɓarna

Kamfani yakan ba ɗan kwangila aikin biyan albashi ko ajiyar bayanai a na'urorinsa, wani lokaci a wata ƙasa. Yin haka ba ya sauke nauyi daga wuyan wanda ya karɓi amanar tun farko. Sai an rubuta yarjejeniya, an kuma tabbatar akwai isasshiyar kariya a inda bayanin zai sauka, gama ba a ba kura ajiyar nama.

Idan kuma ɓarna ta auku wadda za ta iya cutar da mutane, sashe na 40 ya ba kamfani awa 72 daga lokacin da ya sani ya sanar da hukuma, kuma idan hatsarin babba ne a gaya wa waɗanda abin ya shafa nan take. Hikimar a fili take: wanda aka gaya wa da wuri zai iya toshe katinsa na banki kafin a yashe masa asusu. Magana zarar bunu ce, haka ma bayanin da ya fita, abin da ya rage shi ne a rage ɓarnar.

Kammalawa

Ƙa'idar da ta ɗaure sauran ita ce kamfani ya iya nuna shaidar cewa yana bin su, da rubutaccen tsari da rajista da horar da ma'aikata. Manyan masu riƙon bayanai wajibi ne su naɗa jami'in kare bayanai, kuma tararsu tana iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin da suka samu a shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Dokar ta hau kan ma'aikatun gwamnati kamar yadda ta hau kan 'yan kasuwa, saboda haka magatakardan da fayil ɗin fansho yake kan teburinsa shi ma mai riƙon amana ne. Tambayoyi huɗu sun ishi kowane ofis ya auna kansa da su: me aka karɓa, don me, wa yake iya gani, kuma yaushe za a rabu da shi. Ofishin da ya iya amsa su a rubuce ya ci rabin tafiya, wanda kuwa ya kasa, ya kamata ya fara daga fom ɗin da ke kan teburin akawunsa.