Jawabi ga Direbobi da Masu Lodi a Kan Ɗaurin Roba

Jama'a, a Mile 2 ta Ikko, inda hanyar Badagry ta gitta ta Apapa, akan ga mai lodi ya ja robar tsohon tif iya ƙarfinsa, ya ɗaure buhuna, ya ɗauka ya gama. To, roba in ta daɗe a miƙe, ƙananan zaruruwan cikinta sukan zame a hankali, riƙonta ya ragu, alhali tsawonta bai canja ba. Ido ba ya ganin wannan, sai buhu ya faɗo a titi. Zafin rana yana gaggauta shi, kuma sakin ya fi yawa a farkon tafiya. Saboda haka wajibi ne direba ya tsaya da wuri ya sake ɗauri. Kaya masu nauyi kuwa, sai sarƙa.